Hoton Kangon Bakin Teku

Ran sadakar bakwai ta kakarmu Inna Tabawa, bayan an yi magariba baƙi sun watse, mu jikokinta muka taru a ɗakinta muna haɗa kaya. Babu wuta. Fitilar caji ɗaya ce a kan akwati. Sakina ce ta sauko da hoton da ke rataye a saman gado, ta jujjuya shi ta ce, "Wai me Inna take yi da wannan? Ko mutum ɗaya da ta sani babu a ciki."

Yaya Hurera, babbar jika a gidan, ta daina ninke zanen da ke hannunta.

"Ajiye shi a hankali," ta ce. "Jingina shi nan kusa da fitila. Ku zauna. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya amsa mini. Ku dai saurara."

Muka zauna. Ga abin da ta gaya mana.

*

Kafin in fara, ku kalle shi. Kallo na gaske.

Ba kyamara ce ta ɗauke shi ba, ba kuma fenti ba ne. Baƙi ne da fari, takardar ta yi ja don tsufa. Ga ginshiƙai shida na dutse a tsaye, babu rufi a kansu. Na bakwai ya faɗi ya kakkarye. Ga wata doguwar ƙofa mai baka a dama, ita kaɗai, ba bango a gefenta, ba ta shiga ko'ina. Ga bishiya ta fito ta tsagar dutse. Can baya teku ne. Ga awaki. Ga wani ɗan mutum a zaune a gindin ginshiƙi.

Matso, Mudi. Ka ga inuwar nan? Ba shafa baƙi aka yi ba. Layuka ne sirara kamar gashi, wani a kan wani. Inda aka so duhu aka cika su, inda aka so rana aka bar takarda yadda take.

To. Ku kun san Kawu Sallau da shirunsa. Da ba haka yake ba. Shi ne mai ba'a a gidan nan, in ya shigo sai Inna ta bi shi da muciya. Shekara goma sha huɗu ke nan da suka tafi Libiya neman aiki, shi da ƙanensa Tanimu, autan Inna. Ku ba za ku tuna Tanimu ba. Siriri ne mai wushirya, yana tsoron kare, ba ya cin kuɓewa. Ran da za su tafi, Inna ta raka su har ƙofar gida, ta kama hannun Tanimu ta sa a na Kawu Sallau, ta ce, "Ga amanar Auta nan."

Bayan shekara uku Kawu Sallau ya dawo, da jaka ɗaya. Inna ta fito da gudu. Ta kalle shi, ta leƙa bayansa.

"Ina Auta?"

"Yana can, Inna. Ya samu aiki wurin wani Balarabe."

"Shi ne ko waya?"

"Ƙauye ne. Waya ba ta kamawa."

"Yaushe zai zo?"

"Sai ya kintsa."

Haka aka zauna shekara huɗu. Duk sallah Inna za ta ɗinka wa Tanimu riga ta ajiye a akwatin nan da fitila take kai. Duk asuba in ta idar sai ta ɗaga murya, har ta katanga ana ji: Allah ka dawo mini da Tanimu, Allah ka karkato da hankalin Tanimu gida.

Kawu Sallau kuwa ya buɗe shagon gilashi da firam a bayan tashar Gumel. Hoton biki, takardar shaidar makaranta, allon ayoyi, duk yana sa wa gilashi. Aikinsa ba a kushe shi. Amma mutumin ya zama wani iri. Ba ya dariya, ba ya fushi. Aka haifa masa ɗa, ya leƙa ya ce "Madalla," ya koma shago. Gilashi zai yanke shi, sai mai shagon kusa ne zai ce masa, "Sallau, jini fa." Matarsa ta taɓa ce mini ita ba ta san ko yana jin yunwa ba, in an ajiye ya ci, in ba a ajiye ba ya kwanta.

Wata Laraba, cikin bazara. Rana ta take tsaka. Tasha ta yi tsit, masu shaguna duk sun labe a ciki. Kawu yana goge wani gilashi.

Abin da ya fara ji wari ne. Warin gishiri da jiƙaƙƙen dutse. Duk garin nan babu abin da ke wannan warin. Shi ya san shi. Warin teku ne.

Ya ɗago. Wani dogon tsoho ne a bakin ƙofa, da farar riga da ta ji jiki, da sanda, da wani abu naɗe a tsumma a hammatarsa. Bai ji takunsa ba.

"Salamu alaikum, makiyayi."

Muryar ba ta fito daga bakinsa daidai ba. Leɓen ya gama motsi, sannan maganar ta iso. Kuma daga ƙasa take tasowa, kamar mutum yana magana a cikin rijiya.

Ku lura. Duk Gumel babu wanda ya san Kawu ya yi kiwo a can. Kowa aikin gini ya gaya masa.

"Wa alaikumus salam. Ni mai gilashi ne, Baba."

"Yanzu."

Tsohon ya shigo ya kwance tsumma, ya shimfiɗa takardar nan a kan tebur. Ba firam, ba gilashi, gefenta ya fara cinyewa.

"A yi mata gida," ya ce.

Kawu ya sunkuya. Ya ce da farko ba wurin ya gani ba, aikin ya gani. Shekara huɗu yana sa hotuna a gilashi bai taɓa tsayawa ya kalli ko ɗaya ba, auna su kawai yake yi. Wannan ya tsaya. Ya ga yadda aka yi tsagar dutse da layi ɗaya mai karkarwa. Ya ga ganyen bishiya, kowanne da inda ya juya. Ya shafa gefen takardar, ya ji ta lotsa, kamar an danne ta da abu mai nauyi.

"Da me aka yi wannan?"

"Da allura."

"Allura?"

"Wani ne ya zo daga hayin teku. Mai jan gashi, yana tari. Kwana goma sha ɗaya yana zaune a kan dutse yana kallon ƙofarmu. Ya koma garinsu ya shafe farantin tagulla da kakin zuma, ya bi shi da allura, ya zuba masa ruwa mai cin ƙarfe. Duk inda allura ta bi, nan tawada take kwanciya. Sannan ya danne takarda a kai."

"Yaushe aka yi haka?"

"Kakan kakanka yana goye."

Kawu ya sake duban takardar.

"Ya iya kallo," in ji tsohon. "Yawancinku wucewa kawai kuke yi." Ya ɗora dogon yatsa a kan ɗan mutumin da ke gindin ginshiƙi. "Wannan ni ne. Bai yi mini fuska ba. Ya kyauta."

Nan Kawu ya sauke ido ƙasa. Tsohon ba takalmi. Ƙafafunsa jiƙe suke sharkaf, da farin yashi a tsakanin yatsu. Daga bakin ƙofa zuwa tebur ga sawu nan na ruwa a kan siminti, simintin da in ka zubar da ruwa a wannan zafin kafin ka juya ya bushe. Sawun bai bushe ba.

Sakina, na san abin da za ki tambaya. Bai ji tsoro ba. Ya ce ya laluba tsoron a jikinsa kamar mai laluben aljihu, bai samu komai ba.

"Jibi," in ji tsohon. "Kai za ka kawo. Hanyar Rijiyar Maƙera, idan rana ta raba. Kai kaɗai."

"Jibi Juma'a ce."

"Na sani."

Ya fita. Kawu bai leƙa ya ga inda ya bi ba.

Ya ɗauki takardar ya kai bakin ƙofa wurin haske. Yanzu kam wurin yake kallo. Ya ƙirga ginshiƙan. Shida a tsaye, ɗaya a kwance. Ya kalli ƙofar da ba ta shiga ko'ina. Ya san ta. Shekara biyu yana fakewa a inuwarta.

Sai ya kalli gindinta, ta hagu.

Ku matso ku gani. Nan. Ƙananan duwatsu biyar a jere. Na tsakiyar akwai sassaƙen ganye a jikinsa.

Kawu Sallau ne ya jera su da hannunsa.

Ga abin da ya faru a can, wanda ba wanda ya sani. Aikin gini bai samu ba. Wani Balarabe ne ya ɗauke su kiwon tumaki, su biyu, a bakin teku, gabas da Turabulus, a wani kufai na mutanen da. Mutanen wurin suna cewa Rumawa ne suka gina. Mai tumakin yakan zo duk kwana goma da fulawa da mai da jarkokin ruwa, ya koma. Babu kowa sai su da dabbobi da iska.

Tanimu ya so wurin. Yakan bi sassaƙen dutse da yatsa, ya ce, "Yaya, mutanen nan ba su san gaggawa ba." Yakan ce in sun koma gida sai ya gina wa Inna ƙofa irin waccan, ko da ta laka ce.

Sai zazzaɓi ya kama shi, kwana biyu bayan mai tumakin ya tafi. Ba mota, ba magani, ba su da takardun da za su fita titi da su. Kwana uku. Ran na ukun da hantsi ya ce, "Yaya, ruwa." Kawu ya je ya tsiyayo. Ya dawo ya tarar an gama.

Shi kaɗai ya wanke shi da ruwan jarka. Ya yaga farar rigarsa ta sallah ya haɗa da zanen rufa ya suturce shi. Ya tsaya ya yi masa salla, ba kowa a bayansa sai tumaki. Ya haƙa rami da guntun ƙarfe da kwanon cin abinci, a gindin ƙofar, don nan ne ƙasa ta fi laushi. Ya rufe. Ya ɗauko duwatsu biyar ya jera.

Ya zauna yana jiran kuka. Bai zo ba. Can ya ga tumaki sun watse, ya tashi ya je ya tattaro su.

A hanyar dawowa gida, cikin hamada, ya shirya yadda zai faɗa. Kullum yana bitar maganar. Ya iso ƙofar gida, ya ga Inna tana leƙa bayansa, sai bakinsa ya faɗi wani abu daban. Washegari maganar ta fi nauyi. Bayan shekara ya daina neman ranar faɗa.

To yanzu ga duwatsunsa a takardar da ta girmi kakansa.

Ya yi aikin. Abin da ya iya ke nan. Ya zaɓi katako mai duhu, ya yanka, ya goge, ya haɗa kusurwa huɗu ba ko ƙofar da allura za ta shiga. Ya yanka gilashi, ya wanke shi sau uku. Ya sa kwali a baya, ya buga ƙananan kusoshi. Ran Alhamis bai karɓi aikin kowa ba. Ya zauna yana kallon hoton tun safe har la'asar. Ya ce akwai wata 'yar akuya a can gefe da ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta hau dutse, ita ya fi kallo. Bai san dalili ba.

Ran Juma'a, lokacin da kowa ya yi wanka ya nufi masallaci, shi ya rufe shago ya sa hoton a hammata ya nufi yamma.

Kun san hanyar. Ka wuce gidajen ƙarshe, ka wuce gonaki, sai 'yar siririyar hanya tsakanin sabara. Rijiyar ta daɗe da rufta, suna kawai ya rage.

Yana tafiya yana jin lasifikar masallaci a bayansa, liman ya fara huɗuba. Sai muryar ta yanke. Ba raguwa ta yi ba. Yankewa ta yi.

Ba tsuntsu. Ba ƙuda. Takunsa ma ya daina ji.

Sai warin nan.

Tsohon yana zaune a gindin wata aduwa, sandarsa a kan cinya. A bayansa, inda ya kamata a ga gonakin gero a bushe, babu gonaki. Farin yashi ne. Ginshiƙai shida. Ƙofa. Can baya ruwa yana zuwa yana komawa, ba ƙara.

Kawu ya miƙa hoton. Tsohon ya karɓa ya duba kusurwoyi, ya bi katakon da yatsa.

"Kai ma ka iya aiki."

"Baba, me na yi muku?"

"Ka kawo mana baƙo ƙofar gida ba sallama. Wannan mun yafe. Yaro ne mai ladabi, tun yana da rai ba ya fitsari a gindin gini."

"To mene ne?"

Leɓen tsohon ya motsa, ya tsaya. Sannan maganar ta iso.

"Kullum da asuba wata tsohuwa tana kiransa. Tana cewa ya taso ya dawo. Kiran a ƙofarmu yake sauka. Shi ba ya iya tashi. Mu ba ma iya hutawa. Shekara huɗu da dawowarka, makiyayi, ba ta fasa ko kwana ɗaya ba."

Ni dai yadda aka faɗa nake faɗa muku. Aljani yakan yi ƙarya, kuma sanin abin da ke cikin kabari sai Allah. Amma abin da ya ce ke nan.

Kawu ya kalli bayan tsohon. Ya hango su. Duwatsu biyar.

"Zan iya zuwa?"

"Ban hana ka ba."

"Akwai nisa?"

"Taki arba'in. Daga can kuma ban san hanya ba."

Kawu ya cire takalmi ya taka yashin. Sanyi gare shi, da rana tsaka. Ya fara tafiya.

Ya ce tunda yake bai taɓa shiga wuri mai sauƙi irin wannan ba. Ba zafi, ba sanyi. Nauyin da yake ɗauke da shi, wanda shi kansa bai san yana ɗauke da shi ba, yana sauka taki bayan taki. Ya ga gefen duwatsun akwai fili, daidai tsawon mutum. Inuwar ƙofa ta rufe shi. Ya ce a ransa, in kwanta nan kawai. Ba wanda zai sake tambayata yaushe zai zo.

Taki goma. Taki ashirin. Ruwa ya fara taɓa masa idon sawu, alhali tekun yana can nesa.

Ya ɗaga hannunsa ya duba. Ba launi. Toka-toka ne kamar dutsen.

Bai damu ba. Ya ƙara taki biyar.

Sai wani tunani ya zo masa. Ba tsoro ba ne, ba tausayi ba. Ya ce kamar yadda yake auna gilashi ne, ya ga awon bai yi daidai ba. Gobe da asuba tsohuwar nan za ta idar da salla. Za ta ɗaga murya. Sunaye biyu za ta kira. Kuma babu sauran wanda zai gaya mata inda ko ɗaya yake.

Ya tsaya.

Ya so ya yi a'uziyya, harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaure. Ya yi ta a zuci. Ya kalli duwatsun, saura taki goma sha biyar, ya ce, "Tanimu, ni ne." Ba abin da ya motsa. Ya ce, "Zan gaya mata."

Ya juya. Komawar ta fi wuya. Duk takin da ya yi, nauyin yana dawowa wurinsa. Da ya iso gindin aduwa sai da ya durƙusa.

Tsohon ya miƙo masa hoton.

"Tafi da shi."

"Naku ne."

"Mu muna da na gaske. Tsohuwa ba za ta yarda da baki ba, sai ta ga wuri."

Kawu ya karɓa. Ya sunkuya neman takalminsa. Da ya ɗago, gonakin gero ne. Ba kowa a gindin aduwa.

Wata Bafulatana mai tallar nono ce ta gan shi a zaune a bakin hanya, rungume da hoto. Ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "An sauko Juma'a?" Ta ce, "Wace Juma'a? Rana ta kusa faɗuwa." Ƙafafunsa har gwiwa sun yi fari da gishiri.

Sauran ni na gani da idona. Lokacin ina gida wankan jegon ɗana Nafi'u, a ɗakin nan nake kwana da Inna. Tana zaune can bakin gado tana tsince wake. Kawu ya yi sallama ya shigo ya zauna a ƙasa. Bai taɓa zama a ƙasa gabanta ba tunda ya dawo, a tsaye yake gaishe ta ya wuce. Na yunƙura zan fita, ya ce, "Zauna, Hurera."

Ya ajiye hoton a cinyarta, a kan faifan waken.

"Mene ne wannan kuma?"

"Inna, nan muka yi kiwo, ni da Auta. Ba gini muka yi ba."

Ta kalli hoton. Ta kalle shi.

Ya ɗora yatsa a gindin ƙofar. "Yana nan."

Ta bi yatsan da ido.

"Shekara biyar ke nan. Zazzaɓi ne. Kwana uku."

Ya faɗi komai, tun daga ruwan jarka har zuwa gindin aduwa. Muryarsa ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya, kamar mai karanta labarin wani. Ni ce nake kuka, na toshe baki da zane don kada in tashi jariri.

Inna ta ɗauke faifan ta ajiye gefe. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ta jawo hoton kusa da fuskarta.

"Ka yi masa wanka?"

"Na yi."

"Salla fa?"

"Ni kaɗai."

"Ka fuskantar da shi gabas?"

"Na fuskantar."

"Ya kira ni?"

Na ga Kawu yana so ya ce e. Ya ce, "Ruwa ya nema, Inna."

Ta gyaɗa kai. "Ka ba shi?"

"Kafin in kawo ya cika."

Ta sake gyaɗa kai. Ta bi hoton da yatsa a hankali, ta kan gilashi.

"Wannan wace bishiya ce?"

"Zaitun."

"Tana kai masa inuwa?"

"Da safe. Da yamma ƙofar ce take rufe shi."

"Wannan farin fa?"

"Teku ne."

"Ban taɓa ganin teku ba," ta ce. Ta ƙara matso da shi. "Su wa suka yi ginin?"

"An ce Rumawa. Sun daɗe da ƙarewa."

"Duk wannan aikin, ba wanda ya rage?"

"Ba kowa."

"Allah mai iko. Wurin yana da tsabta. Ba ciyawa, ba shara."

"Yana son wurin, Inna."

Sai a nan ta ɗago ta dube shi sosai. Ni na ɗauka tsine masa za ta yi.

Ta ce, "Shekara huɗu ka bar ni ina kiran matacce ya taso."

"E."

"Ba ka kyauta ba."

"Ban kyauta ba."

"Kai kuma shekara biyar kana ɗauke da gawa kai kaɗai. Wa ya ce maka naka ne kai ɗaya? Ni na haife shi."

Ta kalli ƙafafunsa.

"Tashi ka wanke ƙafarka. Ka kira mini liman. Ka dawo da kusa ka buga mini wannan inda zan riƙa gani in na kwanta."

Ba ta yi kuka a ranar ba. Washegari aka yi addu'a a ƙofar gida, aka zauna makoki na mutumin da ya shekara biyar a ƙasa. Ta buɗe akwati ta fito da rigunan sallah, ko ɗaya ba a taɓa sawa ba, ta rabar. Da asubar da ta biyo na farka ina saurare. Ta idar. Ba ta ɗaga murya ba. A hankali ta ce, Allah ka jiƙan Tanimu, ka sanyaya masa makwanci. Sannan na ji ta fara kuka, ƙasa-ƙasa, har gari ya waye.

Kwana arba'in ba ta yi wa Kawu magana ba sai amsa gaisuwa. Bayan nan ta koma aika masa da fura shago.

Kawu bai koma yadda yake da ba. Kada ku ɗauka labarin irin wancan ne. Har yau ban ga haƙoransa ba. Amma yakan zauna da mutane, kuma in gilashi ya yanke shi yanzu yana cewa wash.

Hanyar Rijiyar Maƙera kuwa tana nan. Na san wasunku suna yanke ta in za su gona. Kada wanda ya sake binta shi kaɗai da tsakar rana, balle ran Juma'a. Ba don tsohon mugu ne ba. Bai ja Kawu ba, bai kuma riƙe shi ba. Wurin ne yake da daɗi. In mutum ya gaji da duniya ya taka yashin nan, ba kowa kusa da zai kira sunansa, ci gaba zai yi da tafiya.

*

Nan Yaya Hurera ta tsaya. Ba wanda ya motsa, sai Mudi da ya janye ƙafarsa daga kusa da hoton.

Sai muka ji gyaran murya a bakin ƙofa. Kawu Sallau ne. Ba mu san tun yaushe yake tsaye ba.

"An gama da ɗakin?" ya ce.

"Saura kaɗan, Kawu."

Ya shigo ya sunkuya ya ɗauki hoton. Ya karkata shi wajen fitila, ya daɗe yana kallo. Muka sunkuyar da kai, kowa yana jiran faɗa.

"Sakina," ya ce. "Zo ki ga."

Ta tashi ta matso.

Ya nuna mata can bayan ginshiƙai. "Kin ga tekun? Ƙirga layukan."

Ta ƙirga. "Uku ne, Kawu."

"Uku," ya ce. "Kuma haka yake. Wallahi haka yake."

Ya sa shi a hammata ya fita.